Karkataccen Bakin da Ya Raba Ni da Gadi

Bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni faɗa. Ni Mutari, da furfura a gemu da jikoki a gida, na taɓa tsayawa gaban madubin motar wani mutum a birnin Ankara ta ƙasar Gana ina koya wa bakina karkacewa. Ba ciwo ba ne, ba iska ba ce. Da yatsuna na kama leɓe na ja shi wajen kunnen hagu, na saki ya dawo, na sake ja. Lafiyayyen baki Allah ya ba ni, ni kuwa ina nema masa naƙasa, don kawai na ga naƙasar ta karɓi wani.

Wanin nan Lawali ne, ɗan gwaggota, taubashina. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Ƙauyenmu ɗaya, tsakanin Magariya da Sassumbrum, gonakinmu ma gawo guda ne ya raba su. Tun yana saurayi ya yi barcin rana a gindin wata tsamiya, ya tashi bakinsa ya koma gefe. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka kai shi wajen likita a Magariya, baki dai ya ce nan ya ga wurin zama. Tun daga nan Lawali ya zama mai ƙarancin magana, kuma a gida ba wanda ya taɓa lissafa shi cikin masu ban dariya. Wannan sarautar tawa ce. Ranar kasuwar Sassumbrum in na zauna a rumfar masu rake, sai an ture mutane ake samun hanya. Ina kukan jaki har jakunan kasuwa su amsa. Ina kwaikwayon tafiyar mushe, malamin da ya kore ni daga lakwal, makarantar boko, da tarin limaminmu, da yadda sirikina ke cin ƙashi. Shekarar da tsutsa ta cinye zangarniyar hatsi muka tashi tafiya biɗa, neman kuɗi a wasu ƙasashe, ni na ce a tafi da Lawali, don in sami wanda zan riƙa zolaya a hanya.

A Kano aka fara cutarmu. Wani ɗan kamasho mai haƙorin Makka ya tare mu a tasha yana ce mana Alhazai. Ya ce yana da motar Legas mai kujerar katifa, ba a ɗaukar kowa a ciki sai manya. Ya karɓi kuɗin mota, ya sa mu a gaba har bayan gari, ya nuna mana wani kamiyo, babbar motar shanu, ya ce mu hau katakon da aka gicciya a samansu. Kafin in juyo ya shige cikin mutane. Na buɗe murya na zagi haƙorin, na zagi wanda ya dasa masa shi. Lawali kuwa ya hau, ya zauna, ya leƙa ƙasa inda wani bijimi ke kaɗa ƙaho tsakanin ƙafafunsa, ya ce:

"Ai bai yi ƙarya ba. Da manyan aka haɗa mu."

Bai yi dariya ba, bai ma ɗago kai ba. Masu rakiyar shanun suka kwashe da dariya har ɗaya ya kusa faɗawa ciki. Babbansu ya matsa ya ce, "Malam, dawo nan kusa da tamfol, rana ba ta kai nan." Suka gutsura masa gurasa. Ni na ce a raina, ashe dariya kuke so, kun zo gidanta. Muna fita gari na cika ƙirji na saki kukan jakina, wanda ya fi kowanne. Shanu suka firgita, suka hau juna, wata saniya ta durƙushe, sai da aka tsayar da mota aka ɗaga ta da igiya. Babban nasu ya nuna ni da sanda ya ce, "Baba, in ka sake, nan za mu sauke ka, ka nemi ƴan'uwan naka su kai ka." Har muka isa Legas ina bakin katako, rana na gasa mini ƙeya, ina kallon Lawali a inuwa yana taunar gurasa da gefen bakinsa mai aiki.

A Legas muka kama turin kurar ruwa. Nan na gane cewa duk dariyar da nake taƙama da ita da zaren Hausa aka ɗinka ta, da na tsallake inda ake jin Hausa sai ta warware. In na yi tarin liman, sai mutane su ja da baya su toshe hanci. In na yi tafiyar mushe, wa ya san mushen? Sai su ce abokin nan ya sha wani abu. Na ce to ai shi ma Lawali bakinsa ya mutu, tunda ba mai jin abin da zai faɗa. Ashe shi ba ya ma buƙatar a ji.

Akwai wata Bayarabiya mai sayar da shinkafa da wake a bakin titin da muke hutawa, mace mai faɗin kafaɗa da hannu mai rowa. Naman da take ɗorawa a kan shinkafa bai fi ƙwayar gujiya ba. Wata rana ta miƙa wa Lawali kwanonsa. Ya duba ciki ya daɗe, sannan ya kewaye naman da tafin hannu kamar mai kare ashana daga iska, ya taka a hankali har inda zai zauna, yana waiwaye kada wata iska ta taso. Fuskarsa kamar mai ɗauke da gawa. Matar ta bi shi da ido, sai ta ajiye ludayi ta riƙe ciki. Ta kira maƙwabciyarta ta nuna mata. Ta taso da kanta ta ƙara masa yanka biyu manya. Daga ranar in ta hango shi sai ta ce "Baba mi," ta juya tukunya ta nemo masa na ƙasa.

Kashegari na ce ni ma bari in ci rabona. Na ɗaga nawa naman sama, na kira mutanen titi su zo su ga abin mamaki, na sa shi a ido kamar ya faɗa mini ciki, ina ihu ina dariya. Matar ta karɓe kwanon daga hannuna, ta juye shinkafar cikin tukunya, ta yi mini wata doguwar magana da Yarabanci wadda ko ba tafinta na san ba addu'a ba ce. Ranar rabin na Lawali na ci. Turo mini kwanon kawai ya yi. Da ma zagina ya yi, da abincin ya fi wucewa.

Ruwan Legas bai ƙosar da mu ba. Muka ji ana cewa a Ankara ƴan ƙasarmu sun riƙe kasuwar albasa, ba a rasa dako. Muka bi bakin teku. A Kwatano da Lome kaɗai na sha iska, don ɗan Faransancin da mushe ya dura mini da bulala ya tashi daga barci. Ni ke tambayar hanya, ni ke cewa bonjur, ni ke cewa marsi, Lawali na bina a baya da jaka. Na so a ce ƙasashen nan sun fi haka faɗi. Kafin in gama jin daɗi mun fita daga cikinsu.

Kasuwar albasa ta Ankara ba wurin mai furfura ba ce. Buhun ya fi ni faɗi, kuma masu saye ba sa son jira. Da safe in na tashi daga kan kwalin da muke shimfiɗawa a bayan rumfa, sai na dafa gwiwa na roƙi bayana kafin ya miƙe. Abincinsu wani dunƙulen masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, da kifi da barkono. Ana ci, ba a mutuwa. Amma akwai ranakun da zan zauna da shi a hannu ina tuna furar hatsi mai sanyi a ƙwarya, da tsakar rana a gindin gawo, matata Hajara tana faɗa da kaji. Ban taɓa sanin ina son faɗan Hajara ba sai a Ankara.

Wata rana wani direba ya zo sayen albasa. Sunansa Alasan, haifaffen zangon garin ne, yana jin Hausa irin tasu wadda mace da namiji duk "ya zo" ne. Lawali ne ya ɗaukar masa buhu zuwa mota. Ban san me ya gaya masa a hanya ba, na dai hango Alasan ya jingina da mota yana dukan cinya. Ya ce maigidansa na neman mai gadi, na da ya koma garinsu. Lawali ya ce, "Mu biyu ne." Haka aka tafi da ni, kamar gyaran da mai awo ke ƙarawa a kan tiya.

Maigidan wani tsoho ne siriri mai tabarau, ya yi rayuwarsa yana koyar da Turanci har ya ajiye aiki, kowa Tica yake ce masa. Matarsa ta rasu, ƴaƴa suna ƙasashen Turawa, sai ƙanwarsa da ake kira Anti ke riƙe da gidan. Ya ce mu zauna mu biyu zuwa ƙarshen wata, muna shara da ban ruwan fulawa da buɗe ƙofa, sannan ya zaɓi ɗaya. Alasan ya buɗe mana ɗakin gadi. Jama'a, ɗaki ne da katifa, da fanka a sama, da famfo a bakin ƙofa. Abinci daga tukunyar gida. Aikin duka shi ne ka ja ƙarfe mota ta shiga, ka ja ta fita. Na kwanta a katifar nan na ji ƙasusuwan bayana suna komawa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa kaina, Mutari, ko da haƙori sai ka riƙe ɗakin nan, buhun albasa ya gama da kai.

Na lura tsohon kaɗaici ke damunsa. Da la'asar yakan fito baranda ya kira mu, Alasan na tafinta. Na ce wannan ai gonata ce. Na yi masa kukan jaki, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na yi masa sirikina da ƙashi, har da birgima, ya tambayi Alasan ko ina da farfaɗiya. Sai ya juya wajen Lawali, cikin ladabi, ya tambayi abin da ya sami bakinsa.

Lawali ya ce, "Gaya masa bakin ne ya fara kamo hanyar Gana tun ina saurayi. Ni sawunsa na biyo."

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Anti ta fito da ruwa a guje. Aka tambayi Lawali ko yana tsoron kare, don akwai wani tsohon kare a gidan da ba ya tashi ko ɓarawo ya taka shi. Ya ce, "A'a. Na ga shi ma ya ajiye aiki." Ranar da Anti ta zuba mana wata miya mai barkonon da ya sa ni hawaye, ta tambaya ko ta yi daɗi, ya ce, "Gaya mata yau na tabbata ɗaya gefen bakin bai mutu ba." Kullum haka. Magana ɗaya, gajera, fuska a ɗaure, ido a ƙasa. Ni in yi gumi in jiƙa riga, shi ya motsa rabin leɓe ya kwashe kasuwar.

A irin wannan zama ne Tica ya nuna Lawali ya faɗi wata ƴar kalma. A kunnena kamar "rai" ya ce, amma ba namu ba, nasu na Turanci. Alasan ya ce, "Wai akwai kalmar da aka yi don ɗan'uwanka." Tsohon malami ya sami ɗalibai, sai ya gyara zama. Ya ɗauki tsumman goge tebur ya murɗe shi. Ya ce asalinta sunan abin da aka murɗe ne ya karkace, kamar wuyan da aka kwana a kansa ba daidai ba, ko bakin wanda ya tauna abu mai tsami. Daga nan aka ara wa murmushin da ke fitowa ta gefe ɗaya, irin na wanda abu ya dame shi amma ya ga abin dariya a ciki. Daga nan kuma aka ara wa maganar mutumin da ke yi wa wahalarsa ba'a ba tare da ya yi dariya ba, ya bar ka kai ka tsinci dariyar da kanka. Ya ce ba a faɗinta ga mai ihu, ba a faɗinta ga mai cin mutuncin wani. Ya ce ya daɗe yana koya wa yara kalmar nan a allo, bai taɓa ganin ta shigo gidansa da ƙafafunta ba, fuska da harshe a jikin mutum guda, sai yau.

Abin ya ba ni haushi. Mutumin da ko lakwal bai taɓa leƙawa ba, wai Turawa sun tanadar masa kalma tun kafin a haife shi. Na ce wa Alasan, "Tambaye shi, ni fa? Irin tawa ba ta da suna?"

Tica ya dube ni ta saman tabarau, ya yi magana. Alasan ya sosa ƙeya ya ce, "Ya ce akwai. Amma wai ka bari ka ci abinci tukuna."

To kun ji abin da ya kai ni gaban madubi. Da hantsi, Alasan ya wanke mota ya shiga ciki, na tsaya ina ja ina saki har na samu leɓen ya tsaya da kansa in na cije ta ciki. Na ce yau Tica zai ga kalmarsa ta zama biyu. Ina juyowa sai ga Anti da kwandon shanya. Na gaishe ta da sabon bakina. Ta saki kwando, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu. Ashe mijinta da haka ya fara, hawan jini ya karkatar masa da baki da safe, kafin yamma ya tafi. Kan in ce wani abu ta kira Alasan sun kwantar da ni a kan siminti. Ni kuma kunya ta hana ni sakin bakin, don in na saki me zan ce? Ta ɗauko wata kwalbar man zafi ta kwaɓa mini a kunci tana murzawa da ƙarfinta duka, tana kiran sunayen da take kira a cocinsu. Man ya shiga ido. Na yi ƙara, baki ya koma daidai. Anti ta zube a gwiwa ta ɗaga hannu sama tana kuka tana godiya.

Lawali na tsaye da tsintsiya. Tica ma ya fito da sandarsa. Kowa na kallona ina hawaye. Sai Lawali ya ce wa Alasan, "Tambaye ta ko da saura a kwalbar."

Sai da aka kawo wa tsohon kujera.

Na kwana biyu kuncina na raɗaɗi ina tunani. Na ce Mutari, ka yi kuskuren hanya. Ba a fuskar abin yake ba. Sirrin shi ne ka faɗi magana mai nauyi ka hana kanka dariya. Wannan ai ba wuya, sai dai a nemo maganar. Na duba rumbuna na ga wadda ta fi kowacce tsufa da ƙarfi, wadda ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba a garinmu.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san wasan taubasai. Ɗan namiji da ɗan mace ba sa gaisawa sai da tsiya. Ni ɗan namiji ne, don haka tun muna yara in na ga Lawali a taron suna ko biki sai in ce, "Ku ba bawana ƙanzo, kada ya saba da tuwo." Shi kuma ya ce ai ubangijin da ke aron gatarin bawansa ya gama lalacewa. Tsofaffi su yi dariya, gwaggota ta jefe ni da mara. Ba mai fushi, wanda ya yi fushi ma shi ake yi wa dariya. Zumunci ne, da shi muke tuna cewa jininmu ɗaya.

Wata ya ƙare. Tica ya kira mu baranda da yamma, makullin ƙofa na kan tebur kusa da kofin shayinsa. Ya ce kafin ya yanke, yana so ya san mene ne tsakaninmu, don ya ga muna ci a kwano ɗaya amma ba ma kama. Na riga Lawali buɗe baki. Na ɗaure fuska tamau, na sauke murya, na dubi tsohon ido cikin ido na ce:

"Bawana ne. Gadonsa na ci. Da kwandon wake aka sayi ubansa, waken ma mai ƙwari."

Alasan ya dube ni. "Baba Mutari, in faɗa haka?"

"Faɗa yadda na faɗa. Kada ka yi dariya."

Ya faɗa. Na tsaya ina jiran tari da kiran ruwa. Tica ya ajiye kofi a hankali. Ya sake tambaya, ko ya ji daidai. Dariya na yi mini susa a maƙogwaro, amma na danne ta, na ce a raina yanzu ne gwanintar, na gyaɗa kai kamar alƙali. Ya juya wajen Lawali ya ce, gaskiya ne?

Lawali ya kalle ni. Sannan ya ce, "Haka yake faɗa tun muna yara. Ni dai har yau ban ga tuwon da ubangida ke ba bawa ba."

A garinmu da sai an ɗaga mutane daga ƙasa don dariya. A barandar nan ko kare bai motsa ba.

Tica ya yi magana mai tsawo, muryarsa ba ta tashi ba. Alasan ya riƙa tsinto mini kaɗan kaɗan. Wai a gidan da ya tashi, kakarsa ta hana kowa ya ambaci asalin wani, ko da faɗa ake, don akwai waɗanda aka kawo da igiya suka zama dangi. Wai a bakin tekun nan akwai gidajen dutse inda aka tara mutane kafin a zuba su a jirgi, shi da kansa ya sha kai ɗalibai suna fitowa ba mai iya magana. Da na ga inda aka nufa sai na saki fuskar, na washe haƙora duka, na ce wasa ne, wallahi wasa ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Alasan, Allah ya saka masa, ya tsaya mini. Ya bayyana masa taubasantaka tun daga tushe, ya ce ai a arewacin ƙasarsu ma akwai ƙabilun da ke irin wannan.

Tica ya ce ya sani, ya yi koyarwa a can, ya ga ana yi. Ya ce, "Amma mai wannan wasa ɗan'uwansa yake kallo, yana jiran a rama. Kai ni kake kallo."

To wa zan kalla? Lawali ne ke da makulli? Na so in faɗi haka, Alasan ya taka mini ƙafa. Tsohon ya ɗauki makullin ya miƙa wa Lawali da hannu biyu. Ni kuma ya sa Anti ta ƙulla mini abinci, ya yi mini sallama ta mutunci, har da cewa in kula da hawan jinina.

Na koma kan kwalina da buhunana. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ga Lawali ya shigo kasuwa da shuɗiyar rigar gadi, da takalmi mai igiya, da kwanon Anti a cikin leda. Ya yi ƙiba, kuncinsa mai lafiya har sheƙi yake. Ƴan dako su kewaye shi suna "Sarkin ƙofa, ya fanka?" Ya ce, "Tana nan tana juyawa, ita kaɗai ke aiki a cikinmu." Su fashe. Ni in ci shinkafar ina hararar takalmin. Ya taɓa cewa in zo in riƙa kwana a ɗakin, Tica ba zai hana ba. Na ce ban zo Gana don in kwana a ƙarƙashin fankar bawana ba. Ya ce to, ya ɗauki kwanonsa. Mako na zagayowa ya sake cika shi ya kawo. Mutum ya ƙwace maka ɗaki, sannan ya hana ka ko ɗan dalilin da za ka tsane shi da hujja. Har gobe ina jin haushin wannan.

Gab da damina bayana ya ƙi. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki buhu na kasa miƙewa, sai da mutum biyu suka buɗe ni kamar wuƙar aski. Wani mai kamiyo da ya sauke albasa zai koma ƙasarmu ba kaya, ya ce in zo ya rage mini hanya, a gaba kuma, kan kujera.

Da hantsi aka taru don a raka ni. Ƴan dako, yawancinsu masu jin Hausa ne, suka ce ba inda za ni sai na bar musu jakin. Na ce bayana na ciwo. Suka ce ai ba da baya ake yi ba. Na riƙe ƙofar mota na cika ƙirji na saki. Kasuwa ta ɗauka. Masu awo suka bar awo, wata mai kifi ta zauna a ƙasa, wani Bazabarme ya rungume buhu yana hawaye. Na ƙara musu da liman, na ƙara da siriki. Ni ma dariyar ta kama ni, na buɗe baki har ana ganin dasashi, na manta da baya, na manta da Tica da makullinsa. Rabona da irin wannan tun rumfar masu rake.

Da na share ido sai na ga Lawali a gefe, ya nemi izini ya zo. Ya juya wa mutane rabin baya, ya toshe bakinsa da hannun shuɗiyar rigar, kafaɗunsa na rawa. Da abin ya lafa ya goge haɓarsa da sauri, ya matso, ya miƙo mini ƙullin sabulu da atamfa in kai wa gwaggo. Direba ya tada mota. Na hau, na leƙo ta taga, na shirya wata tsiyar da zan bar masa ta bankwana. Sai ya riga ni.

Ban ba shi amsa ba a ranar, mota ta ja. Ya zo ganin gida bayan haka, mun zauna a tabarma ɗaya, ban ba shi ba. Yanzu ma yakan kira a tarho daga ɗakin fankar, mu yi tsiyarmu mu ajiye, ban taɓa komawa kan maganar ba. Da fuskar nan tasa ya faɗe ta, wadda ba ka sanin inda wasa ya tsaya. Cewa ya yi:

"Kai ka ɗauka gwaninta ce ta hana ni dariya? In na yi, miyau ke zubo mini. Da zan iya buɗe baki irin naka sau ɗaya a gaban mutane, ɗan kawu, da na bar maka ɗakin har da fankar."